Cokalin Shinkafa Da Ƙararrawar Asuba

Akwai wata tambaya da nake yawan samu daga masu karanta littattafaina, musamman 'yan mata da amare, wai yaya ake yi mutum ya fara abu kuma ya ɗore a kansa? Wannan ta ce ta shiga makarantar yaƙi da jahilci, wata uku ta watsar. Waccan ta fara koyon ɗinki, yau keken yana ƙuryar ɗaki an jera masa kwanuka a kai. Wasu kuma sun kafa ƙungiyar taimakon juna a unguwa, ranar buɗewa har da anko da lemo, kafin shekara ta zagayo ko gaisawa ba a yi. Niyya kam muna da ita, har ta yi mana yawa. Abin da ke gagarar mu shi ne gobe da jibi da gata.

Shi ya sa yau na ɗauko muku labarin wasu mutane na can nesa, mutanen Koriya, ƙasar da ke gabas da Sin, daura da Japan. Ko ba ki san ta a taswira ba kin san kayanta, domin daga Koriya ta Kudu wayar Samsung da firjin LG da motar Kia suka fito. A Seul, babban birninsu, da sauran garuruwa har ƙauyuka, tun wajen ƙarfe biyar na asuba, wani wurin ma huɗu da rabi, za ki tarar da coci a buɗe, fitila a kunne, mutane a ciki suna addu'a. Ba ranar Lahadi kaɗai ba, ranakun aiki ma haka ne, da sanyi da zafi, da ruwa da ƙanƙara. Yawancin waɗanda ke zaune a wurin mata ne, iyaye da kakanni, da an tashi kowacce ta yi sauri gida ta ɗora shinkafar karin kumallo. Sun haura shekara ɗari suna wannan abu. An yi musu mulkin mallaka, an yi yaƙi, an raba ƙasar gida biyu, abin bai mutu ba.

Kada wata ta ce yau kuma me ya kai marubuciyarmu coci. Ban ɗauko zancen don in ja kowa ko in tura kowa ko'ina ba, kowa da addininsa, kowa kuma ya san abin da ya riƙe. Tashin asuba ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, mun san daɗinsa, mun san wuyarsa da hunturu lokacin da bargo ya fi komai daɗi. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda abin da mutum biyu suka fara ya game ƙasa guda, da waɗanda suka ɗauki wahalarsa, da kuma abin da ya same shi da kuɗi suka shigo. A cikin ukun nan akwai abin da kowace mace za ta ƙulla a bakin zaninta.

Bari in fara da matan ƙasar, tunda su ne gishirin labarin. A da can matar gidan mutunci a Koriya tana da nata sashen a can cikin gida, namijin da ba ɗan gida ba ba ya shiga, in za ta fita sai ta yafa wata doguwar riga a ka ta rufe fuska. Da yawa ma ba a kiran su da sunan kansu, sai dai a ce 'yar wane, matar wane, uwar wane. Karatu na maza ne, da haruffan Sin masu wuyar gaske ake yin sa. Suna da nasu rubutun mai sauƙi, Hangul, wanda wani sarkinsu mai suna Sejong ya sa aka ƙirƙira a 1443, amma malamansu sun raina shi, suna ce masa rubutun mata. Sannan matan suna da wata tsohuwar al'ada, uwa ta tashi tun duhu ta ɗebo ruwan farko na rijiya a kwano, ta ajiye a bayan gida kusa da randunan miya, ta tsaya tana murza tafin hannu tana roƙa wa mijinta da 'ya'yanta lafiya. Kin ga ke nan tun kafin a gina coci ko ɗaya, uwar gida ta riga ta san asuba.

Ɗarikar Katolika ce ta fara shiga ƙasar a 1784, mabiyanta kuwa sun sha kisa a hannun sarakuna, a 1866 dubbai aka hallaka. 'Yan mishan na Furotestan sai a 1884 da 1885 suka iso, yawancinsu daga Amurka. A cikinsu akwai wata dattijuwa, Mary Scranton, wadda ta buɗe makarantar 'yan mata a 1886 da ɗaliba ɗaya tal, makarantar nan ce ta zama jami'ar mata ta Ewha a Seul. Da suka tashi fassara Littafi Mai Tsarki sai suka ɗauki rubutun nan da aka raina. Da suka ga kuma namiji ba shi da hanyar shiga sashen mata, sai suka koyar da wasu matan ƙasar, da yawansu zawarawa da waɗanda mazansu suka mutu, suka ba su ƙananan littattafai. Waɗannan mata su ne suka riƙa bin ƙauyuka a ƙafa, gida gida, suna sayar da littafi, suna koya wa 'yan'uwansu karatu. Mace ta koyi baƙi a ɗakinta, ranar baftisma kuma a rubuta mata suna nata na kanta. A cikin cocin ma labule ake sawa a tsakiya, maza gefe mata gefe.

A 1903, a wani gari na bakin teku mai suna Wonsan, wasu mata biyu 'yan mishan, Mary Culler White da Louise McCully, suka fara ɗan taron addu'a da nazari. Suka gayyaci wani likita ɗan Kanada, Robert Hardie, ya yi musu jawabi. Mutumin nan ya yi shekaru yana wa'azi ba ya ganin amfani. Ƙarshe ya miƙe a gaban 'yan ƙasar ya faɗa da bakinsa cewa girman kai ne da shi, kuma yana raina su a zuciyarsa. Ke dai ki duba, Bature, likita, a zamanin da Bature ba ya laifi. Da mutane suka ga babba ya sauke kai, sai su ma bakinsu ya buɗe.

Lokacin kuwa ƙasar tana cikin baƙin ciki. Japan ta yaƙi Sin a 1894, ta yaƙi Rasha a 1904, duk a kan wa zai mallaki Koriya, a 1905 ta ƙwace ikon hulɗar ƙasar da waje, a 1910 ta haɗiye ta gaba ɗaya. Cikin wannan hali ne, a watan Janairun 1907, aka yi taron nazari na maza a birnin Piyongyang, a cocin Jangdaehyeon. Sanyin Janairu a can ruwa daskarewa yake yi, namu hunturun wasan yara ne, amma mutane suka tako daga ƙauyuka masu nisa da guzurin shinkafarsu a baya. Da dare maza wajen 1,500 ke cika ɗakin, mata kuwa saboda rashin wuri a wasu wuraren suke nasu taron. A wani dare aka ce a yi addu'a, maimakon mutum ɗaya ya yi saura su amsa, sai kowa ya ɗaga murya yana tasa a lokaci guda, wannan salo kuwa shi ya zama alamar addu'ar Koriyawa har yau.

A cikin dattawan cocin akwai wani mai suna Kil Sun-ju, wanda idonsa ya kusa mutuwa, mutum ne da ake ganin girmansa ƙwarai. Labarin da aka fi bayarwa game da taron nan nasa ne. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce wani abokinsa da zai mutu ya ba shi amanar dukiyarsa don ya kula da matarsa, shi kuwa ya ɗebi wani abu a ciki ya sa aljihu, gobe da safe zai mayar wa matar. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin mu nan mun san yadda ake yi da gadon marayu da haƙƙin matar mamaci, mun san gidajen da aka rufe zancen da cewa a yi haƙuri. Bayansa mutane suka yi ta miƙewa har tsakar dare suna kuka, wannan ya ce ya yi sata, wannan ya ce ya ci amanar matarsa, wannan ya ce shekaru yana gaba da wane. Da gari ya waye aka ga mutane suna bin gidaje da shaguna suna mayar da kayan da suka ci. Abin ya bazu zuwa makarantun 'yan mata, ya bi garuruwa har kudu.

To amma ga inda nake son ki buɗe kunne, 'yar'uwa. Kuka yana ƙarewa. Ba a yi shekara biyu ba abin ya fara lafawa, kamar wutar kara, ta tashi bal-bal ta haske gida, kafin ki ɗauko tukunya ta zama toka. A 1909 Kil Sun-ju, wanda a lokacin ya zama fasto, ya ga zukata sun yi sanyi. Kafin ya shiga Kiristanci ya yi shekaru yana bin wata tsohuwar hanyar ibada ta ƙasarsu, yana hawa duwatsu yana tashin dare, saboda haka ya san abin da asuba ke yi wa zuciya. Bai kira gangami ba. Shi da wani dattijo guda suka riƙa zuwa coci tun wajen ƙarfe huɗu, su biyu, ba su gaya wa kowa ba, har kusan wata biyu. Wasu suka lura suka fara bin su. Sai ya yi sanarwa ranar Lahadi cewa duk mai so ya zo, za a kaɗa ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi. Tun ƙarfe ɗayan dare mutane suka fara taruwa, da aka kaɗa ƙararrawa akwai mutum ɗari huɗu zuwa biyar, cikin 'yan kwanaki suka kai ɗari shida zuwa bakwai.

Ni a ganina nan ne asirin yake. Daren 1907 shi ake rubutawa a littafi, shi ake yi wa biki, amma abin da ya rayu shekara ɗari shi ne ƙararrawar nan. Waɗanda suka tashi kafin zamanin ashana da risho sun san yadda iyayenmu ke yi, da an gama tuwon dare sai a tattara garwashi a binne cikin toka, da asuba a tona a hura, maƙwabciyar da tata ta mutu ta aiko yarinya da kasko ta ɗebi wuta. Ba mai yabon garwashin da ke cikin toka, ba a ma ganin sa, amma da shi ake dama kunun safe. Lokaci sananne, wuri sananne, abu ɗan kaɗan da mutum zai iya yi ko yana cikin nishaɗi ko ba ya ciki, shi ke nan abin da Kil Sun-ju ya ba mutanensa.

Sai kuma maganar abin da za a riƙe cocin da shi, tunda talakawa ne, manoma, kuɗi ba ya kwana a hannunsu. Maza suka fito da baikon kwanaki, wanda ba shi da ko sisi sai ya ce na ba da kwana biyar, na ba da kwana goma, a rubuta, in aikin gona ya yi sauƙi ya je ya cika alkawari da ƙafarsa da bakinsa. Mata kuwa, da ba su da kuɗi ba su da kwanakin kansu, suka fito da abin da ya fi burge ni a duk labarin. Duk lokacin da uwar gida ta auno shinkafar da za ta dafa, sai ta ɗebi cokali guda da sunan kowane mutum na gidan ta zuba a wata 'yar jaka ko tulu, ranar Lahadi ta kai. Ba wanda ya kwana da yunwa saboda cokali ɗaya, maigida ma bai san an rage ba. Amma gida ɗari, sau biyu ko uku a rana, ki lissafa. Da shinkafar nan aka ciyar da masu wa'azi da mabukata shekara da shekaru.

Da na ji wannan sai na tuna kakata, Allah ya jiƙanta. In ta auno dawar tuwo, kafin ta ba da surfe sai ta damƙi hannu guda ta mayar cikin wata tukunya da ke ƙarƙashin gadonta. Muna yara muna ganin kamar rowa ce. Sai damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, sannan ake jawo tukunyar. Ba ta taɓa jin sunan Koriya ba, amma da ta haɗu da matan can da sun gane juna ba tare da tafinta ba. Ni ma masu tambaya yaya nake rubuta littafi ga yara ga girki, amsar ke nan, shafi ɗaya ne bayan asuba kafin gida ya tashi. Wata rana ya yi daɗi, wata rana kamar tauna tsakuwa, amma shafi ɗaya a rana, kafin wata huɗu kin haura shafi ɗari.

An gwada ƙarfin abin nan ba sau ɗaya ba. Ranar 1 ga Maris 1919 Koriyawa suka fito zanga-zangar lumana suna neman 'yancin kai daga Japan. Mutum 33 suka sa hannu a takardar neman 'yancin, 16 daga ciki Kiristoci ne, Kil Sun-ju yana cikinsu, ya kuma yi zaman kurkuku a kai. Wata ɗalibar Ewha, Yu Gwan-sun, ta mutu a kurkuku a 1920 tana da shekara 17. A ƙauyen Jeam-ri sojojin Japan suka tara mutane a coci suka rufe, suka buɗe musu wuta, suka cinna wa ginin wuta, sama da mutum ashirin suka mutu. Daga baya Japan ta tilasta kowa ya rusuna a wuraren bautarta na Shinto. A 1938 babban taron shugabannin ɗarikar Firesbiteriya, 'yan sanda na zaune a cikin zauren, ya amince a rusuna. Manya sun sunkuya, amma wasu suka ƙi, kamar fasto Chu Ki-chol da ya mutu a kurkuku a 1944, da wata malamar makaranta, Ahn Ei-sook, da ta yi shekaru a tsare har 1945. A lokacin yaƙin duniya na biyu har ƙararrawar coci Japan ta kwashe don ta narka ta yi makamai. An ɗauke ƙararrawa, amma jikin da ya saba tashi ƙarfe huɗu ba ya jiran a kaɗa masa.

Da Japan ta fita a 1945 sai aka raba ƙasar, Rasha ta riƙe arewa, Amurka ta riƙe kudu. Piyongyang, inda aka fara komai, wadda saboda yawan coci har ake mata kirari da Urushalima ta Gabas, ta faɗa hannun 'yan gurguzu, coci-cocinta suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka yi ta gudu kudu da abin da suka iya ɗauka. Wani fasto, Han Kyung-chik, ya buɗe cocin Youngnak a Seul a ƙarshen 1945 da 'yan gudun hijira 27. Daga Yunin 1950 zuwa Yulin 1953 aka yi yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka, ya bar ƙasar cike da marayu da matan da ba su san ko mazansu na raye ba. Macen da ta baro uwarta a arewa, ba wasiƙa ba saƙo, ina za ta kai kukanta? A ɗaki guda suke kwana da yara da surukai, da rana tana talla. Asuba ce kaɗai lokacin da yake nata, coci ne kaɗai wurin da za ta ɗaga murya ta yi kuka ba wanda zai ce mata lafiya. Wasu coci-cocin tanti ne, ƙararrawarsu tsohuwar tukunyar iskar gas ce da aka rataye ana bugawa. Akwai kuma dokar hana yawon dare tun 1945 har Janairun 1982, saboda haka wadda ta shiga addu'ar daren Juma'a ba ta da halin fita sai huɗu ta buga. Haka kwanan addu'a ya zauna ya zama al'ada.

Cikin irin waɗannan mata akwai Choi Ja-shil, wadda aka haifa a 1915 a arewa, ta yi aikin jinya da ungozoma, ta yi kasuwanci ta samu. Sai duniya ta juya mata baya, uwarta da babbar 'yarta suka mutu kusa da kusa, kasuwanci ya karye, har ta hau dutse da niyyar ta mutu a can. Ba ta mutu ba. Ta shiga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki tana da shekara arba'in da 'yan kai, a can ta haɗu da wani saurayi da ya yi fama da tarin fuka, Cho Yong-gi, wanda ta girme shi da shekara 21. A watan Mayun 1958 suka fara coci a gidanta a wata unguwar talakawa ta Seul, su biyar, shi da ita da 'ya'yanta uku, daga baya suka kafa tsohon tantin soja. Ya auri 'yarta a 1965.

A 1964 mutane sun yi yawa, Cho yana son ya yi komai da kansa, sai ya yanke jiki ya faɗi. Yana jinya ya yi tunanin a raba jama'a ƙungiya ƙungiya, kowace unguwa su riƙa haɗuwa a gidan ɗayansu. Ya kai wa dattawa maza shawarar, suka ce ba su da lokaci. Mata ne suka karɓa, Choi Ja-shil tana gaba. Kowacce ta riƙe gidaje kaɗan, ta san wadda ba ta da lafiya, ta san wadda ta haihu, ta san wadda mijinta ya rasa aiki, in ba a ga mace da asuba ba a je a buga mata ƙofa. A 1973 cocin ya koma babban gini a tsibirin Yoido, a shekarar kuma Choi ta kafa dutsen addu'a da azumi a Osanri, a filin da cocin ya saya don maƙabarta. An haƙa 'yan ƙananan ɗakuna a jikin tudu, kowanne daidai durƙuson mutum ɗaya, dare da rana ba a rasa mai addu'a a wurin. Ta rasu a 1989, wurin yana ɗauke da sunanta. A farkon shekarun 1990 an ce mabiyan cocin sun kai 700,000, babu kamarsa a duniya. Ƙasar da a 1900 Kiristocinta ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba, a ƙidayar 2015 Furotestan sun kusa 20 cikin ɗari, Katolika sun kusa 8.

Da a littafin soyayya ne da nan zan sa alƙalami in ce suka zauna lafiya. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mata ne suka cika benci da asuba, su suka kawo cokalin shinkafa, su suka bi gidaje, amma kujerun da ake yanke shawarar kuɗi na maza ne. Ɗaya daga manyan ɗarikun Firesbiteriya na ƙasar, Tonghap, sai a 1994 ta yarda mace ta zama fasto ko dattijuwar coci. A 2014 kotu a Seul ta sami Cho Yong-gi da laifin jawo wa cocinsa asarar kusan won biliyan 13, wajen dala miliyan 12, ta hanyar sa cocin ya sayi hannun jarin da ke da alaƙa da ɗansa da tsadar da ta wuce ƙima. Aka yanke masa ɗauri aka jingine, ɗan kuma aka yanke masa nasa. Ya rasu a 2021. Wani babban cocin, Myungsung, wanda Kim Sam-whan ya kafa a 1980, wanda kuma sunansa ya fito ne saboda dubban da ke zuwa addu'ar asubarsa, ya shiga rikici a 2017 da aka ɗora ɗan mai kafawar a kujerar uban kamar gadon sarauta. Ki duba nisan tafiyar. Abin da ya fara da dattijo yana mayar wa matar mamaci haƙƙinta, ya zo ya tsaya a gaban alƙali a kan kuɗin jama'a.

Abin da ake roƙo ma ya canja kama. Duk watan Nuwamba ana jarrabawar shiga jami'a a Koriya ta Kudu, jarrabawar da saboda girmanta har jiragen sama ake dakatarwa lokacin da ɗalibai ke sauraren Turanci. Kwana ɗari kafin ranar iyaye mata ke fara addu'a ta musamman, wasu a coci, wasu a wuraren bautar Buddha. Ban ga laifin uwar da ta roƙa wa ɗanta nasara ba, wace ce a cikinmu ba ta yi? Sai dai akwai bambanci tsakanin mai tashi da asuba ta binciki kanta, wa na zalunta, haƙƙin wa ke wuyana, da mai tashi da jerin abubuwan da take so a ba ta kawai. Yaran kuma suna kallo. A ƙidayar 2015 ɗin nan, 56 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun ce ba su da addini, matasa ne kuma suka fi yawa a ciki. Fitilar asuba tana nan a kunne, amma furfura ta fi yawa a ƙarƙashinta.

To 'yan'uwa, ga abin da na tsinta, kowacce ta auna da nata mudun. In za ki fara abu, ko karatu ne, ko sana'a, ko ibada, ko tarin kuɗin makarantar yara, kada ki auna shi da ƙarfin ranar da kike cikin zumuɗi. Ki auna shi da ranar da yaro ya kwana yana zazzaɓi, maigida ya fita da fushi, itace ya jiƙe. Abin da za ki iya yi a irin wannan ranar shi ne cokalinki, shi za ki ɗauka. Ki sa masa lokacin da ba ya motsi. Ki nemi mutum ɗaya, ba sai an yi taro ba, wadda in ba ta gan ki ba za ta aiko a duba, ke ma ki duba ta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In kuma Allah ya sa abin ya girma, kuɗi suka fara taruwa, to a nan ne ake son ido. Mu mata muna da wata kunya da ke cutar mu, muna ganin tambayar lissafi rashin ladabi ne, musamman in mai riƙe da jakar babba ne ko mai sunan addini. Wadda ta rage cokali daga tukunyar 'ya'yanta tana da ikon ta ce a karanta mata inda aka kai shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, shi ma kariya ce gare shi. A rubuta abin da ya shigo, a rubuta abin da ya fita, a karanta a gaban kowa, kada a bar jaka da littafi a hannun mutum ɗaya komai yarda. Tun ana mutum goma ake kafa wannan, in an kai dubu bakin kowa ya riga ya yi nauyi.

Sannan duk abin da muke tashi dominsa da duhu, a gan shi a halinmu da rana, a wajen kishiya da 'yar aiki da maƙwabciya da wadda muke riƙe wa ajiya. 'Ya'yanmu ba sa jin abin da muke faɗa a ɓoye, abin da muka yi da hantsi shi suke ɗauka. Allah ya ba mu ɗorewa a kan alheri, ya raba mu da cin haƙƙin wani, ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.